Godiya bayan kare kundin digirina

Alhamdu lillahi. Jiya na kare kundin digirina na biyu a nan Abuja, a kan tsaron wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku da takarar manyan ƙasashe a kansu.

Malam, wanda ya duba aikin, Allah ya saka maka da alheri. Na zo maka da ɗokin labarin zagon ƙasa: wayoyin da suka tsinke a Bahar Maliya a Fabrairun 2024, da jirgin da Finland ta kama a ƙarshen shekarar bisa zargin tsinke wayoyi. Ka ce in fara duba gida. Wayoyin nan kan lalace sau 150 zuwa 200 a shekara a faɗin duniya, kuma akasari ankar jirgi ce ko komar masunta. Abin tsoro a wurinmu shi ne wayoyinmu sun bi hanya ɗaya, jiragen gyara kuwa ƙalilan ne. Ranar 14 ga Maris 2024, muna cikin azumi, wayoyin WACS da ACE da SAT-3 da MainOne suka tsinke tare a gaɓar Kwaddibuwa, aka yi makonni kafin a gama gyara.

Ina godiya ga masu POS na kasuwar Wuse da na Terminus a Jos. Ɗayansu ya buɗe min littafinsa, na ga shafin ranar kusan fayau. Shi ya tabbatar min cewa ɗan Arewa da bai taɓa ganin teku ba, cinikinsa na rataye da ita.

Haka injiniyan da ya miƙo min guntun wayar a Legas. Kaurinta bai kai na rake ba, amma irinta ke ɗauke da fiye da kashi 99 cikin 100 na bayanan da ke tsallaka nahiyoyi. Na daɗe ina jujjuya ta a hannu. Na kuma ƙaru da jawaban taron ITU, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da aka yi a Abuja a Fabrairun 2025.

Hajiya, ba ki taɓa gajiya da tambayar yaya karatu ba, Allah ya ƙara miki lafiya. Maman yara, ke kika riƙe gida ina kwana kan kwamfuta, na gode. Baba bai ga wannan rana ba, Allah ya jiƙansa da rahama, ku sa shi a addu'a.

Waɗanda suka nemi kwafi, zan turo da zarar na gama gyare-gyaren da aka ba ni.