Maratayin konsatina a shagon baduku

Ni baduku ne ɗan baduku. A Sakkwato na koyi riƙe basilla, amma shekarun nan a arewacin Ingila nake da ɗan shago, ni da yaro ɗaya, muna ɗinka jaka da bel da kube. Ban taɓa ganin konsatina ba sai ranar da wani dattijo ya shigo da tasa, ya ce babban yatsansa ya daina ɗaukarta, in yi masa maratayi.

Abin kiɗa ne mai kusurwa shida, katako a gefe biyu da maɓallai, tsakiya kuma fata mai naɗewa kamar zuga-zugin maƙeri. Wani masanin kimiyya, Charles Wheatstone, ne ya ƙirƙiro irin ta Ingila, ya yi mata rajista a 1844. Ita wannan, mai maɓalli 48, duk nauyinta yana kan babban yatsa da ke cikin 'yar madauki, sai ƙaramin yatsa da ke tokare da wani ƙarfe. Nauyin bai fi kilo ɗaya da 'yan kai ba, amma riƙe shi a tsaye tsawon awa guda ka ji yadda hannu zai yi tsami. Irin da ake kira Angulo, wadda aka fi kaɗawa a yankin Clare na Ailan, tana da madauri a bayan hannu, kuma makaɗanta galibi a zaune suke, gefe ɗaya a kan cinya. Su ba su cika nemana don maratayi ba.

Na farko da na yi wa dattijon bai yi ba. Siririyar igiyar fata na kitsa masa, kyakkyawa, bayan sati biyu ya dawo da shata a ƙeya. Laifina ne, na bi kyau na manta da wuya. Na koma na yanka kirgi mai faɗin inci biyu, na yi masa shafi mai laushi, ya sauka a kan kafaɗa ya ratsa baya kamar hamilar takobi. Nan ciwon ya tsaya.

Sai dai wahalar aikin tana wajen maƙalawa. Mutane kan ce in huda katakon in sa zobe. Ba na yi. Wasu kayan nan na Lachenal ne, kamfanin ƙera konsatina wanda ya rufe tun 1933, katakonsu siriri ne kuma ya bushe. Ka huda shi ka yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Abin da nake yi shi ne 'yar fata mai zobe wadda ke shiga ƙarƙashin notin madaukin yatsa da ke nan tun asali. Shi ma sai na duba notin, domin in ya yi sanyi a raminsa, ranar da aka saki hannu zai fizge. Tsawo ma na da muhimmanci: in maratayin ya yi gajere, gefe biyun za su jawo juna ta sama, zugar ta ƙi buɗewa yadda ya kamata. Shi ya sa ba na yanka sai makaɗi ya tsaya a gabana ya yi waƙa guda, ina auna shi da zare.

Wasu nakan ce musu ba sa bukatar maratayi, su nemi kujera. Amma ina roƙonsu kada su ɗora zugar a kan gwiwa tana gogar wando, domin kusurwoyin fatar ne ke fara cinyewa, iska ta soma zurara. Katakon gefe ɗaya ake ɗorawa, a shimfiɗa ƙyalle ko guntun fata a ƙasa.

Fatar akuya nake sa wa shafin. Idan na samu ta jar akuyar Sakkwato, jimar bagaruwa, nakan ware ta don wannan aiki kawai, saboda tana shan gumi kuma ba ta tsagewa a wurin lanƙwasa. Dattijon nan har yanzu da maratayinsa yake fita wasan masu rawar gargajiya duk bazara, yakan biyo ta shago in shafa wa fatar mai.