Ambaliyar 2020 da korona: yadda kayan agaji suka riƙa isa ƙasar Haɗeja

Duk wanda ya zauna a ƙasar Haɗeja a damunar 2020 ba zai manta da ita ba, domin masifa biyu ce ta haɗe mana a shekara ɗaya. Tun ƙarshen watan Fabrairu aka samu mai korona na farko a Legas, kafin ka ce kwabo an rufe makarantu, an hana shiga wata jiha daga wata, kasuwannin mako sun tsaya cak, ga boda a rufe tun Agustan 2019 ta yadda harkar kasuwar Maigatari ta bakin boda ma duk ta yi sanyi. Ɗan abin da talaka ya tara ya cinye shi a zaman kulle, kowa ya zuba ido yana jiran kaka ta fitar da shi kunya. Sai ga ruwa a watan Agusta da Satumba.

Wanda bai san yankin ba zai ɗauka ruwan sama ne kawai, amma kogin Haɗeja daga ƙasar Kano yake tasowa, inda madatsun Tiga da Challawa suke, kuma ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwan da yawa, to in ruwa ya zo da ƙarfi bai samu hanya ba sai ya fantsama cikin gonaki da gidaje. Auyo, Kafin Hausa, Miga, Ringim, Guri, Kirikasamma, duk sun ɗanɗana. Gidan ƙasa in ya kwana biyu a cikin ruwa zubewa yake yi, rumbu ma haka. Kuma ba mu kaɗai ba ne, a Kebbi an yi maganar kadada kusan 450,000 ta shinkafa da ruwa ya shanye, a Yamai kuwa kogin Kwara ya kai cikar da ba a taɓa auna irinta ba har ya ci unguwanni irin su Lamorde.

Ni abin da nake so in faɗa shi ne waɗanda suka fara kai ɗauki ba manyan motoci ba ne masu kyalle a jiki. Masunta ne da masu kwale-kwale, da samarin unguwa da suke kwana suna ɗura ƙasa a buhu ana yin jinga, da 'yan agajin masallatai, da matan da suke dafa ɗanwake da dambu a cikin gari su zuba a bokiti a kai wa waɗanda suka fake a firamare. Ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai ma mun yi ɗan karo-karo ta WhatsApp, wani dubu biyu wani dubu biyar, 'yan uwa da ke Kano da Abuja suka turo nasu, kuma a nan na fahimci kai kayan agaji aiki ne mai buƙatar tunani fiye da yadda ake zato.

Misali shinkafa. Kowa in zai taimaka shinkafa yake fara saye, alhali matar da ruwa ya kora tukunyarta tana ƙarƙashin ginin da ya rushe, itace duk ya jiƙe, murhu babu, to da me za ta dafa? Wata dattijuwa ta ce mana, 'ya'yana Allah ya yi muku albarka amma ku samo mana garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, wannan ko yanzu na jiƙa yara sun ci. Wallahi maganarta ita ta gyara mana lissafi. Garin kwaki, ƙuli, gishiri, garin kunu, ashana, gawayi, ƙaramar tukunya, tabarma ta roba, sabulu, sannan gidan sauro wanda ni a ganina shi ne gaba da komai bayan abinci, don ruwan da ya kwanta sauro yake haifarwa kuma zazzaɓi ya fi korona kayar da yara a wuraren nan nesa ba kusa ba. Akwai kuma abin da maza ba sa tunawa sam sai da mata suka shigo cikin tafiyar, wato audugar mata da zannuwa da kayan jarirai, don akwai masu jego a cikin azuzuwan nan.

Batun korona kuwa abin tausayi ne. A rediyo ana ta cewa a ba da tazara, a sa takunkumi, a wanke hannu da sabulu, amma aji ɗaya na firamare gida huɗu ko biyar ne a ciki, wace tazara za a bayar? Rijiyoyi sun haɗe da ruwan masai, ruwan sha ma neman sa ake balle na wanke hannu. Rufe makarantun da aka yi saboda cutar shi ya sa aka samu azuzuwa babu kowa mutane suka fake, amma da aka fara maganar komawa karatu a watan Oktoba sai hankalinsu ya sake tashi, don da yawa ba su da inda za su koma. Abin da muka iya yi shi ne daina tara jama'a a fili ɗaya ana turereniya. Sai mu zauna da mai unguwa da liman da wata mace da matan suka yarda da ita a rubuta sunayen gidaje, a bi su aji-aji ko a ba da kati kowa ya zo a lokacinsa. Haka ya rage cunkoso, ya kuma sa zawarawa da tsofaffi da ba su iya kokawa a layi sun samu rabonsu, don a rabon turereniya mai ƙarfi ne yake kwashewa.

Gwamnati da manyan ƙungiyoyi sun kawo nasu, ba zan ce ba su kawo ba, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa NEMA da ta jiha da Red Cross duk an gan su, kuma abin da tirela ɗaya take ɗauka mu ko shekara muka yi muna karo-karo ba za mu haɗa shi ba. Matsalar ita ce lokaci, da kuma inda kayan suke tsayawa. Garin da ke bakin kwalta ya samu sau biyu, ƙauyen da sai an shiga jirgi a je shi ko sau ɗaya bai gani ba.

Shi ya sa abin da ya faru a ƙarshen Oktoban shekarar ya yi mini ciwo sosai. Bayan zanga-zangar EndSARS ta adawa da zaluncin 'yan sanda, mutane suka riƙa fasa rumbunan ajiya a Legas, Jos, Kaduna, Yola, Jalingo har da Abuja, sai ga buhunan shinkafa da katan-katan na taliya da sukari na tallafin korona, da yawansu na CACOVID, gamayyar 'yan kasuwa da bankuna da su Ɗangote suke ciki. Gwamnoni sun ce ba ɓoyewa aka yi ba, wani kayan ana jiran a raba, wani an ajiye ne saboda dawowar cutar karo na biyu. Ba na goyon bayan fasa sito ko kaɗan, an yi asarar rayuka da dukiyar mutanen da ba ruwansu. Amma ni da na ga yara suna kwana da ruwan kunu a watan Satumba, zuciyata ba ta iya karɓar cewa abinci yana kulle a sito a daidai wannan lokacin.

Wani abu kuma da masu bayarwa suke mantawa, ruwa yana janyewa kyamara ma sai ta janye, alhali a lokacin ne yunwar gaske take farawa tunda gero da dawa da riɗi da shinkafar da za a ci shekara sun tafi, ga bashin taki a wuya. Manoman da muka yi hira da su ba buhun abinci suka fi roƙo ba, iri suke nema da taki da man injin ban ruwa su shiga noman rani da wuri, don fadamar da ruwa ya kwanta a kai tana yin albarka in an samu abin shukawa. Ragowar kuɗinmu a kan irin shinkafa da na alkama ya ƙare.

A 2022 ruwan ya dawo ya ma fi na baya muni, a faɗin Najeriya sama da mutum 600 suka rasu kuma Jigawa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Yanzu a ƙungiyarmu tun watan Yuli muke fara tara kuɗi mu sayi buhunan jinga da gidan sauro kafin su yi tsada, lambobin masu kwale-kwale na kowane yanki kuma suna hannun sakatarenmu.