Yammacin da √50 ya zama 5√2

Tun la'asar nake zaune da ƙanwata a kan aikinta na lissafi, sai yanzu da dare na samu sukunin rubutu.

Abin da na fara gani a littafinta shi ne √2 + √3 = √5. Ban ce mata ta yi kuskure ba. Na ce ta gwada da lambobin da ta san tushensu: √9 + √16 (tushen lamba, √, shi ne abin da in an ninka shi da kansa zai ba da lambar). Ta ce 3 da 4, 7 ke nan. To √25 fa, wato √(9 + 16)? Ta yi shiru, can ta ce, "Yaya, ai 5 ne." Da hannunta ta soke layin, na kuwa ji daɗi har cikin raina.

Daga nan na nuna mata cewa 3√5 + 4√5 ba shi da bambanci da 3x + 4x da ta saba. Lambar waje ake tarawa, ta ƙarƙashin alamar tushe tana nan yadda take, amsa 7√5. Wannan bai ba ta wuya ba.

Inda muka daɗe shi ne √50 + √18 − √8. Ta dube shi ta ce babu biyu da suka yi kama, saboda haka ba abin da za a haɗa. Na fahimce ta, don a ido haka yake. Na tambaye ta wace lamba mai cikakken tushe ke ɓoye cikin 50. Ta fara da 5 sau 10, bai yi ba. Ta koma 25 sau 2, sai 5 ta fito waje, 2 ta rage a ciki. 18 ya ba da 3√2, 8 ya ba da 2√2. Ashe duk 'yan gida ɗaya ne! Ta rubuta 6√2 tana murmushi.

A ganina, nan ne ya kamata malamai su fi tsayawa. Ana saurin ba yara ƙa'idar "a haɗa masu kama da juna", ba a koya musu tono kamannin ba.

Na ƙarshe mai harafi ne, 2√(12x) + √(27x). Ta fitar da 2 daga 12 amma ta manta ta ninka ta da 2 ɗin da ke waje, sai ta samu 5√(3x) maimakon 7√(3x). Na sa mata alama a gefen shafin. Gobe da shi za mu fara.