Asabar a Chatsworth

Yau dai Abbansu ya cika alkawari, mun hau bas daga Sheffield zuwa Chatsworth, wani katafaren tsohon gidan masu sarauta a Ingila. Rana ta fito tas, yara sai bin tumaki suke yi a bakin kogin Derwent.

Gida kam ya amsa sunansa gida, har tagoginsa an shafa musu ruwan zinare. Tun 1549 Sir William Cavendish da matarsa Bess suka sayi wurin a kan fam 600, a 1694 aka ba jikokinsu sarautar Duke na Devonshire, kuma har yau zuriyar ce a ciki. Nan zuciyata ta sosu. Na ce wa Abbansu, "Ka ji fa, shekara sama da 470 a hannun dangi ɗaya. Mu kuwa gidan Kaka ko shekara biyu bai yi ba bayan rasuwarsa aka sa shi a kasuwa."

Ya ce, "Ai kin san dalili. Su namiji ɗaya ke kwashe gida da sarauta, ƙanne da 'ya'ya mata kowa ya kama gabansa. So kike Inna ta tashi a tutar babu?"

Na yi shiru, don da kasonta ta biya mini kuɗin makaranta. Rabon da Allah ya yi ba ni da ja a kansa. Amma zauren nan da muka yi karatun allo, da darbejiyar tsakar gida, yanzu duk shaguna ne.

Su ma ɗin sun ji jiki. Da Duke na 10 ya rasu a 1950, gwamnati ta ɗora musu harajin gado kashi 80 cikin 100. Suka sayar da filaye, suka miƙa zane-zane masu tsada da wani gidansu, Hardwick Hall, a madadin kuɗi. Daga 1981 wata gidauniya ce ke riƙe da Chatsworth, iyalan haya suke biya su zauna a gidan kakanninsu. Duk da haka ba su sake shi ba. Mu ko zama ba a yi ba, a ga ko wani cikin kawunnai zai iya sayen kason sauran. Wannan ne ke cina.

Mun ci dambun da na yo guzuri kusa da maɓulɓular ruwan da aka gina a 1844 don tarbar Sarkin Rasha Nicholas, wanda bai ma zo ba. Auta ya jiƙe sharkaf.

Da daddare na kira Inna da niyyar tayar da zancen gidan. Na same ta tana ta raha da jikoki, sai na tambaye ta ƙafarta kawai.