Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Lokacin da Kwamfuta Ta Shigo Ofishinmu

Kamar yadda na ambata a makon jiya, bayan na baro koyarwa aikin akawun albashi na kama, kuma a wancan lokacin kowane lissafi da hannu ake yin sa. Idan ƙarshen wata ya gabato, mukan kai dare muna cike baucar albashi da takardar kabon, sunan kowane ma'aikaci da matakinsa da abin da za a cire masa na haraji da na ƙungiya, kuma da zarar an sami saɓanin kobo ɗaya tsakanin kundi da bauca, wajibi ne a koma tun daga suna na farko. Marigayi Baffa, Allah Ya jiƙansa, idan ya ga na dawo idanuna sun yi ja, yakan ce mini zamani riga ne, sawa ake yi.

Da aka kawo kwamfutoci ofishinmu, aka ce za a tura mutum ɗaya kwas, kowa ya san ni ya kamata a tura, domin ni nake ɗauke da nauyin kundin. Sai shugabanmu ya tura ɗan ƙanwarsa, ya ce ni shekaruna sun wuce koyon irin wannan abu. Har yau wannan magana tana yi mini ciwo. Da kuɗin aljihuna na riƙa zuwa wani shagon buga takardu bayan sallar isha'i, inda wani yaro mai haƙuri ya koya mini Excel, wato manhajar lissafi ta kwamfuta, kuma ranar da na ga an rubuta ƙa'idar lissafi sau ɗaya ta hau kan sunaye duka, aka canza adadi guda sai jimilla ta gyara kanta, na yi wa waɗanda suka zauna suka tsara wannan abu addu'a, ko da yake ban san su ba. Aikin da yake cinye mana mako ya koma na yini guda. Shi kuwa wanda aka tura kwas, a wurina ya riƙa zuwa tambaya.

Wannan ya tuna mini da farkon shekarar 2023, lokacin da takardun naira suka yi ƙaranci saboda sauya fasalinsu, Goggo tana kwance a asibiti kuma babu tsabar kuɗi a gidan kowa. Da ƙaramar wayata na biya kuɗin magani ina tsaye a bakin kanti. Kafin wayar salula ta zo a 2001, direban babbar mota muke roƙo ya kai wa Yaya Babba saƙon kuɗi Ikko, mu yi kwanaki ba mu san ko ya isa ba, a banki kuma sai reshen da mutum ya buɗe asusu kaɗai zai ba shi kuɗinsa. Da aka fito da lambar tantance masu asusun banki ta BVN a 2014 aka haɗa asusu da zanen yatsa, na tuna sunayen da na daɗe ina shakka a kansu a cikin kundi, waɗanda ba a taɓa ganin masu su ba.

Saboda haka da Auta ta ce kimiyyar kwamfuta take son karantawa, Yaya Babba ya dage sai aikin likita, maganar Baffa na maimaita masa a gaban kowa, na kuma tsaya mata. Ita ce daga baya ta bayyana mini cewa a bayan kowane tura kuɗi akwai jerin umarnin da wani ya rubuta domin tabbatar da cewa abin da ya fita daga wannan asusu ya shiga wancan, wato dai daidaita kundin da muke kwana a kansa. Rikicin da ya biyo bayan shigarta jami'a, da yadda Goggo ta shiga tsakani, sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.