Fayil ɗin magadan Alhaji da dalilin barina aiki

Duk wanda ya zauna a ofishin kula da gidajen haya a Kano ya san fayil ɗin mamaci ya fi kowanne ciwon kai. Mai gida ya rasu, ba a raba gado ba, shaguna da gidaje suna ta kawo kuɗi, magada kuwa kowa da lissafinsa a ka. Mutuwa ba ta tsayar da haraji. Muddin haya na shigowa, wanda aka damƙa wa dukiyar shi hukuma za ta nema, shi zai bayyana abin da ya shigo kowace shekara.

Fayil ɗin da ya raba ni da ogana na wani Alhaji ne da ya bar mata biyu, 'ya'ya manya da ƙanana, da bene a bakin titi wanda wani kamfani ke hayar ƙasansa. Kamfani idan zai biya haya sai ya cire kashi 10 cikin 100 ya kai wa hukuma, ya ba da takardar shaidar cirewa. Takardar nan kuɗi ce, domin da ita ake rage harajin da za a ɗora wa dukiyar. In babu ita, marayu sun biya sau biyu. Na yi ta cewa a bi ta, oga ya ce ba mu da lokacin zarya.

Wannan sakaci ne kawai, da a nan aka tsaya da na haƙura. Maganar 'yan kwangila ce ta ƙona min rai. Rufin benen ya fara yoyo da damina, aka kira wani ɗan kwangila ya sauya kwano ya gyara indararo. Da yake ofishinmu kamfani ne mai rajista, kuma mu ke biya a madadin magada, sai muka cire masa kashi 5 cikin 100 kamar yadda ake yi a lokacin. Haka aka yi wa mai fenti, haka mai aikin famfo. Kuɗin nan ba na ofis ba ne, ba na magada ba ne. In daga mutum ɗaya aka cire, hukumar harajin jiha ake kai wa, in daga kamfani ne ta tarayya, kuma a watan da ke biye. Oga yana cirewa, ba ya kaiwa. Duk ƙarshen wata ina rubuta masa takardar tuni, yana ture ta gefe yana cewa, "Malam, bar wannan, gwamnati ba ta jin yunwa."

Asiri ya tonu ranar da mai rufin ya dawo. Zai nemi aikin gwamnati, an ce ya kawo shaidar biyan haraji, shi kuma ya san an cire masa. Ya tsaya bakin teburina, hularsa a hannu, ya ce, "Yallaɓai, takardata kawai nake so." A ranar kuma uwargidan marigayi ta zo da babban ɗanta duba lissafi. A gabansu oga ya juyo ya ce ai fayil a hannuna yake, ni ne ban kai kuɗin ba. Hajiya ba ta ce komai ba, ta dube ni kawai. Matar da take kirana ɗana, take aiko min da abincin sallah.

Ban ɗaga murya ba. Na buɗe durowa na fito da kwafin takardun tunin nan, kowacce da kwanan wata da hatimin karɓa na sakatariyar oga, na ajiye a gaban ɗan Alhaji. Ya karanta su ɗaya bayan ɗaya. Bayan sati suka karɓe fayil ɗinsu suka kai wani ofis. Oga bai taɓa ba ni haƙuri ba, sai ma ya ce na kunyata shi a gaban baƙi, aka riƙe min alawus. Tarar jinkirin da ya jawo kuwa, ya so a cire ta daga kuɗin haya, wato daga rabon yaran da ba su gama firamare ba da tumunin takabar iyayensu mata. Wannan ne har yau ban yafe ba.

Sauran darussan gajeru ne. Asusun dukiyar mamaci daban, na ofis daban. Kada a biya ɗan kwangila sai ya ba da lambar harajinsa ta TIN, musamman yanzu da ƙa'idojin cire haraji na 2024 suka ninka abin da ake cire wa wanda ba shi da ita, ko da yake sun sauko da wasu ayyukan zuwa kashi 2. Magada su riƙa ganin rasit da idonsu, ba taƙaitaccen bayani a waya ba.

Wanda ya gaji kujerata kuwa, kada ya sa hannu a takardar biyan kowa sai ya ga rasit ɗin hukuma na watan da ya wuce, kuma ya ajiye kwafinsa a gida. Ogan yana nan, kuma akwai sauran fayilolin mamata a kabad ɗinsa.