Sauya birkin keke saboda gangaren Shere

Kekena na hannu ne, irin waɗanda ake saukewa daga kwantena, kuma da birkin faifai mai waya ya zo. A cikin garin Jos bai taɓa ba ni matsala ba: ka ja, ya tsaya, shi ke nan. Sai da na fara bin abokai muna fita ta Lamingo muna hawa gefen duwatsun Shere a ƙarshen mako na ga iyakarsa. Jos kanta tana kan tudu mai kusan mita 1,200 daga matakin teku, ƙololuwar Shere kuwa ta haura mita 1,800. Ba can ƙololuwa muke kaiwa ba, amma duk abin da ka hau dole ka sauko shi. Kafin mu iso ƙasa yatsuna huɗu suna kan birki, damtsena ya ƙage, babban yatsa da ya rage shi kaɗai ke riƙe da kan keken a kan duwatsu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Waya tana miƙewa, ƙurar hunturu tana shiga bututunta ta sa ta yi tauri, kuma yawancin birkin waya mai araha takalmi ɗaya kawai yake turawa cikin biyun da ke matse faifan, sai faifan ya lanƙwasa ya je ya sami ɗayan. Takalmi na cinyewa, kai kana ta ɗaure noti. Birkin mai kuwa, wato mai aiki da mai a cikin tiyo maimakon waya, daga gefe biyu yake matse faifan, kuma fistin ɗinsa, masu tura takalman, da kansu suke ƙara fitowa yayin da takalmi ke cinyewa. Wannan kowa ya sani. Abin da ya ɗauke ni lokaci shi ne wane birkin mai zan saya.

Na fara da lissafin zafi, domin duk aikin birki shi ne mayar da gudu ya zama zafi. Ni da keken da gorar ruwa mun kai kilo 100. Idan muka sauko mita 300, ƙarfin da za a kashe ya kusa wanda zai tafasa lita ɗaya ta ruwa. Iska tana ɗauke wani kaso, amma a gangare mai duwatsu inda ba a sakin keke ya yi gudu, mafi yawansa a faifai biyu da 'yan takalma huɗu yake ƙarewa. Mai kilo 60 da ke yawo a shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ya buƙatar abin da nake buƙata, shi ya sa ba na ba kowa shawara sai na tambaye shi nauyinsa da inda yake hawa.

Kafin in leƙa farashi sai da na durƙusa na duba keken. Cibiyar tayata mai noti shida ce, ba irin Center Lock ta Shimano mai zobe ɗaya ba, don haka faifan da zan saya dole ya zama mai huda shida. Fok ɗin gaba, wato ƙafafu biyun da ke riƙe da tayar gaba, an yi masa mazaunin faifai mai milimita 160, kuma masu ƙera shi sun ƙayyade kada a wuce 180. Wannan iyaka ba ado ba ce, faifai babba yana ƙara murɗa ƙafar fok, kuma ba na son in gano ƙarfinta a tsakiyar gangare. Sannan ga wani abu da kan ƙara wa mutane kuɗin da ba su shirya ba: a kekuna masu araha hannun birki da abin canza giya a haɗe suke, jiki ɗaya. Nawa haka yake. Ka cire hannun birkin waya, giya ta tafi tare da shi. Dole na sa kuɗin sababbin abin canza giya guda biyu a cikin lissafi.

Maganar mai ce ta zaɓa mini kamfani, ba talla ba. Birkin keke iri biyu ne a wannan fanni. Akwai masu shan man DOT, irin na mota, kamar Hope ta Ingila da Hayes da birkunan SRAM na shekarun baya irin su Guide da Level da Code. Akwai masu shan man minaral, kamar Shimano ta Japan da Magura ta Jamus da Tektro ta Taiwan. Ita ma SRAM ta shigo wannan layi da DB8, sannan da Maven a 2024. A ido, DOT ya fi dacewa da mu, tunda kowane shagon kayan mota yana da shi. Amma DOT yana shan danshi daga iska. Ƙa'idar DOT 4 ita ce kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Selsiyus yana sabo, amma idan ya sha ruwa iyakar tana sauka zuwa 155. Kwalbar da ta daɗe a buɗe a shago, ta ga daminar Jos tun daga Afrilu har Oktoba, ba ka san a ina take tsakanin waɗannan biyun ba. Ga shi yana cin fenti, yana cin fatar hannu. Man minaral ba ya shan ruwa, kwalba ɗaya sai ta daɗe a ajiye ba ta lalace ba. Matsalarsa ita ce sai an aiko maka da shi daga nesa, kuma idan ruwa ya samu shiga, can ƙasa cikin kalifa, wato gidan fistin da takalma, yake taruwa, inda zafi ya fi yawa.

Babban haɗarin kuma a wajen gyara yake. Robobin da ke cikin kowane birki an yi su ne don mai iri ɗaya. Ka zuba DOT a birkin minaral, ko minaral a na DOT, robobin za su lalace, kuma wanki ba ya dawo da su. Mai gyaran kekenmu dattijo ne da ya yi shekaru yana ɗaure sifok da hannu, da na kai masa kayan sai ya miƙa hannu zai ɗauko kwalbar man birkin mota da ke kan benci.

Na ce, "Baba, a yi haƙuri, wannan ba ya shan irin na mota. Ga nasa na zo da shi."

Ya ɗaga kwalbar ya duba jan man da ke ciki, ya ce, "To ɗana, ka rubuta a jikin keken. Ba kullum ni za ka tarar a nan ba."

Shawara ce mai kyau. Ko da yake a murfin hannun birkin an rubuta irin man, da Turanci ne kuma ƙanana, don haka na manna 'yar takarda a kan keken.

Na tsaya a kan Shimano saboda dalili ɗaya mai sauƙi: yawancin kekunan hannu da ke shigowa nan kayanta ne a jikinsu ko masu kama da nata, don haka takalmi da tiyo sun fi sauƙin samuwa. Birkinta samfurin MT200 ya fara jan hankalina. Yana da araha ƙwarai, yana aiki, kuma ga mai yawon gari ko hanyar ƙauye ban ga abin da zai sa ya wuce shi ba. Amma hannunsa dogo ne, an yi shi don yatsu biyu ko uku, ni kuwa abin da nake nema shi ne yatsa ɗaya a birki, sauran su riƙe keke. Sai na hau zuwa ajinta na Deore. A gaba na sa M6120 mai fistin huɗu, a baya M6100 mai fistin biyu. Hannunsu iri ɗaya ne, don haka yatsa ba ya jin bambanci tsakanin dama da hagu. Hannun yana da abin da suke kira Servo Wave: a farkon ja takalmi yana saurin isa faifai, daga nan kuma sai ƙarfin matsewa ya ƙaru.

Wani abokina ya dage in sa fistin huɗu gaba da baya. Ban yarda ba. Idan kana saukowa nauyi yana komawa tayar gaba, ita ce ke tsayar da kai. Ta baya ba ta da nauyi a kanta, ƙarfi kaɗan ya isa ya kulle ta, ta fara jan ƙasa tana watsa tsakuwa. Amfanin fistin huɗu ma ba ƙarfi kaɗai ba ne, takalminsa ya fi tsawo, yana raba zafi a wuri mai faɗi, kuma a gaba ake buƙatar hakan. SLX da XT kuwa, azuzuwan Shimano da ke sama da Deore, na dube su na bar su. Abin da suke ƙarawa shi ne ɗan rage nauyi, da maɓallin matso da hannun birki ba tare da alanki (makullin noti mai kusurwa shida) ba, da takalma masu fukafukin sanyaya. Abubuwa ne masu daɗi, amma alanki yana aljihuna kullum, kuma rarar kuɗin ta isa faifai biyu da takalman ajiya.

Faifai shi ne wurin da kuɗi kaɗan ke yin aiki mai yawa. Daga 160 zuwa 180 ƙarfin tsayawa yana ƙaruwa da kusan kashi 12 cikin 100, ga ƙarin ƙarfe da zai sha zafi, kuma abin da ake buƙata kawai adafta ce da noti. Da wani zai ce mini kuɗinsa ba su kai na sabon birki ba, faifai babba a gaba zan ce ya fara saya. Na sa 180 a gaba, na bar 160 a baya. A duba jikin faifan kafin a biya: waɗansu masu araha, kamar RT56, an rubuta musu "Resin Pad Only", wato ba sa ɗaukar takalmin ƙarfe. Na ɗauki RT66 saboda yana ɗaukar kowanne. Sabon faifan Shimano kaurinsa milimita 1.8 ne, idan ya sauka zuwa 1.5 aikinsa ya ƙare.

Birkin ya zo da takalman rezin, wato masu laushi waɗanda ba na ƙarfe ba. Ba su da ƙara, kuma suna kamawa tun suna sanyi. Da rani na ji daɗinsu. Da damina kuwa taɓon nan yana gauraye da yashin dutse, wani wurin ma da ragowar yashin haƙar kuza, kuma yana cin rezin da sauri har ka ga bambanci da ido bayan fita a cikin ruwa. Sai na koma na ƙarfe, D02S a gaba, G04S a baya. Suna kuka idan sun jiƙe, har awaki su watse daga hanya, kuma sun fi cin faifai. Na yarda da wannan ciniki. Ina cire takalmi in duba lokaci-lokaci, ba na bari abin da ke kansa ya kai rabin milimita.

Ɗaurawa ba ta da wuya, sai dai tana son natsuwa. Tiyon yana zuwa da tsawo, sai an yanke shi daidai keken, kuma duk yanka yana buƙatar sabon ɗan zoben tagulla da sabuwar 'yar ƙusa da ake cusawa a bakin tiyon. Tiyon Deore BH90 ne, na MT200 kuwa BH59, kuma 'yan ƙusoshinsu ba ɗaya ba ne, a tabbatar kafin a yi oda. Baba ya yanka da reza mai kaifi, a miƙe. Muka ɗaura ɗan mazurarin Shimano a kan hannun birki, muka sa toshiyar roba mai ruwan ɗorawa a gurbin takalma, muka tura mai da sirinji daga ƙasa har kumfa ya daina fitowa. Takalman suna can nesa cikin leda, domin ɗigon mai ɗaya ya isa ya ɓata su. Daidaita kalifa kuwa: a sassauta notinta biyu, a matse birki, a ɗaure yana matse.

A nan ne kuma na zaɓi hannun da zai riƙe birkin gaba. Kekunan da suka fito daga Ingila ko Japan a dama suke sa shi, na Amurka da yawancin Turai a hagu. Ni da babur na tashi, kuma a babur birkin gaba a dama yake. Ranar da akuya ta faɗo maka hanya ba tunani za ka yi ba, hannu ne zai yi abin da ya saba, don haka na sa nawa a dama. Duk wanda zai ari keken sai na gaya masa tun bai hau ba.

Sabon birki ba ya kamawa sosai a ranar farko, kada wannan ya tsorata kowa. Sai an gasa shi: a sami shimfiɗaɗɗen wuri, a ɗan yi gudu, a ja birki da ƙarfi har a kusa tsayawa ba tare da an kulle taya ba, a saki, a maimaita kamar sau ashirin kowane ɓangare. Ana ji yana ƙara cizo. Abin da ke faruwa shi ne takalmin yana shafa siririn shimfiɗi a jikin faifan. Daga nan abokin gabarsa maiƙo ne. Ba na fesa wa sarƙa mai kusa da tayar baya, ba na barin yaran wankin mota su goge faifai da tsumman da suka goge inji, kuma sifirit kaɗai nake sa masa. Idan na cire taya zan sa keken a bayan mota, sai na cusa 'yar roba tsakanin takalman, don idan aka taɓa hannun birki babu faifai, fistin za su fito su haɗe.

Na matsar da hannuwan birkin ciki sosai, yadda ɗan alina kaɗai ke sauka a lanƙwasar ƙarshensu. Bambancin da na fi ji ba wai tsayawa da ƙarfi ba ne. Yanzu ina iya sakin keken a inda hanya ta miƙe, in ja birki sosai kafin kwana, in sake saki, maimakon jan da nake yi tun daga sama har ƙasa, wanda shi ne ke dafa takalmi. Damtse ya daina ƙagewa.

Sai dai ƙarfin birki yana ƙarewa ne a inda taya ta taɓa ƙasa. Da rani, a kan tsakuwar da ke kwance bisa falalen dutse, sabon birkin yana iya kulle tayar gaba da yatsa ɗaya, kuma tayata siririya ce mai inci 2.1, haƙoranta ƙanana. Na rage mata iska kaɗan, ta ɗan ƙara kamawa, amma bai isa ba. Na auna faɗin fok ɗin, zai ɗauki mai inci 2.35 har da ɗan sarari na taɓo, kuma ita nake tara wa kuɗi kafin damina ta dawo.